Hancin Aro

A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan aka haifi Dorathy. Babanta ya baro ƙasar Ibo yana saurayi, ya kama aikin gyaran kan jirgi, bai koma ba sai da aka kai gawarsa. Uwarta kuma abinci take sayar wa fasinjoji a bakin tasha. Da suka rasu ba su bar mata gida ba, ba su bar mata gona ba. Tukwane ta gada, sai kuma hanci irin na uwarta, wanda ya fi tukwanen daraja nesa ba kusa ba.

Tun tana 'yar ƙarama ita ake aika kasuwa sayen manja, don ba a iya yi mata algus. Za ta buɗe galan ta shaƙa, ta ce wannan an gauraya shi da na bara, mai manja ya yi ta rantse-rantse har ya gaji ya jawo na kirkin daga ƙarƙashin tebur. Tana daga tsakar gida za ta ce wa uwarta albasa ta kusa ƙonewa. Ba ta taɓa auna kayan yaji da cokali ba. Takan tsaya a kan tukunya tururi ya bugi fuskarta, nan take ta san ko citta ce ta yi kaɗan ko masoro ne ya yi yawa. Makaranta dai ba ta yi nisa ba, kuma hakan bai taɓa damunta ba, tunda abin da za ta ci abinci da shi yana tsakiyar fuskarta.

Da jirgi ya fara ƙaranci, ciyawa ta fara rufe layin dogo, sai ta kwashe tukwanenta ta bi direbobi zuwa tashar mota. A can ta haɗu da Chinedum, makaniki, shi ma haihuwar Kafanchan, mai gareji a ƙarƙashin wasu bishiyoyin mangwaro a hanyar Kagoro. Suka yi aure, suka haifi ɗa ɗaya, Nnaemeka, ta zama Maman Emeka a bakin kowa. Ya yanka mata gefen garejin ta kafa rumfar kwano. Farfesun akuyarta ya yi suna har direban da ba abin da ke damun motarsa yakan ratso, ya ce birki ne yake ɗan yi masa wasa, alhali miya ce ta kawo shi.

Shi kuwa Chinedum, a ba kowa haƙƙinsa, ya san aiki. Motocin da, masu kafireta, da sukudireba ake daidaita musu mai da iska. Da masu injekta suka shigo sai aiki ya koma hannun wata 'yar ƙwaƙwalwa da makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da inji zai sha. Matsalar ita ce bas ɗin da ke jigilar citta da fasinja tsakanin Kafanchan da Gwantu ba yadda kamfani ya ƙera ta take ba. An canza mata inji, an fasa salansa an cire matatar hayaƙin da suke kira indomi an sayar, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ko da sanyin safiya. Ƙwaƙwalwar sai ta rikice, ta yi ta kwarara mai kamar na ubanta ne.

Chinedum ne ya fito da dabara. Akwai wata waya da ke gaya wa ƙwaƙwalwar zafin inji. Ya yanke ta, ya haɗa mata maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo, ya ɗaure a ƙarƙashin sitiyari. In ya murɗa dama, ƙwaƙwalwa ta zaci inji ya yi sanyi, ta ƙara mai. In ya murɗa hagu, ta zaci ya yi zafi, ta rage. Direbobi suka raɗa wa abin suna rediyo. Sai ka ji mutum ya faka ya ce, "Oga, a rage mata murya, tana cinye ni da rai."

Sai dai rage muryar da haɗarinsa. In mai ya yi yawa, mota ta yi ta baƙin hayaƙi, fulogi ya toshe. In ya yi kaɗan kuwa, nan ne asara, inji zai yi ta cin kansa da zafi ba tare da direba ya sani ba, sai an ɗora buhunan citta an kama hawan tudu fistan ya narke. Tsakanin yawa da kaɗan ɗan siririn wuri ne, kuma Chinedum da hanci yake gano shi. Zai tsuguna a bayan mota, ya tari hayaƙin salansa da tafin hannu ya kai hanci, ya tashi ya murɗa, ya dawo ya sake tsugunawa. Da haka ya samu sunan Oga Hanci, kuma sunan ya fi masa komai daɗi a duniya, har a jikin allon garejin ya sa aka rubuta.

A shekarar da aka kulle gari saboda korona, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, jiki ya dawo, hanci bai dawo ba. Bai gaya wa kowa ba. Dorathy ce ta gane, ranar da ya zo ya tsaya dab da murhunta da riga jiƙe sharkaf da fetur yana tambayar ko abinci ya nuna. Ta ja shi baya da ƙarfi, ya dube ta yana mamakin abin da ya same ta. Ba a jima ba wata bas da ya rage wa murya ta buga inji a hanyar Madakiya, aka fara ƙananan maganganu a tasha.

Wata safiya kafin direbobi su fara zuwa, ya shigo rumfa ya zauna a kan benci. Ba ta taɓa ganin ya yi laushi haka ba, kuma ba ta ƙara gani ba.

"Maman Emeka, ni ba na jin komai," ya ce. "Fetur da ruwa duk ɗaya. In mutane ya sani, garejin nan ya mutu, rumfan ki ma ya mutu. Abeg, ki taimake ni small. Kwana kaɗan ne, zai dawo."

"Ni me na sani a kan mota, Baban Emeka?"

"Ba mota za ki sani ba. Hayaƙi kawai. Ni zan koya miki."

Ya tayar da wata bas da ta kwana a gareji, ya murɗa rediyon dama har ƙarshe, ya ce ta shaƙa. Ta ji wani wari mai nauyi da ɗan zaƙi-zaƙi, irin na manjan da bai soyu ba. Ya murɗa hagu. Wannan kuma busasshe ne mai yaji, kamar tukunyar da aka manta a wuta babu ruwa. Ya riƙa murɗawa a hankali har ta ɗaga hannu ta ce nan ne, a nan babu wannan babu wancan. Ya zaro fulogi bayan an zaga da motar, ya ga bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yadda ake so. Ya yi dariya har da tafi. Ita ma a ranar ta ji daɗi, ba za ta yi ƙarya ba, don tun da suka yi aure bai taɓa yabon wani abu nata ba in ba da cikinsa ba.

Suka shirya yadda za a yi ba wanda ya gane. In mota ta zo, ita za ta fito da roba kamar za ta zubar da ruwan wanke-wanke a bayan motar, ta tsuguna tana ɗauraye kwano. Shi yana gaba hannunsa a kan rediyo. In mai ya yi yawa ta ɗaga murya ta ce, "Baban Emeka, gishiri ya yi yawa." In ya yi kaɗan ta ce, "Da sauran gishiri." In ya daidaita ta ce, "Miya ya yi." Daga nan shi kuma ya zagayo ya tsuguna, ya tari hayaƙi da tafin hannu, ya lumshe ido kamar mai addu'a, ya ce an gama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Direbobi suka ɗauka faɗan mata da miji ne a kan girki, ya zama abin raha. Musbahu, wani direban bas mai jigilar citta wanda bai iya wuce rumfar ba tare da ya sha farfesu ba, yakan ce, "Oga, kai da Madam kullum a kan gishiri? To ni dai ban taɓa jin ya yi yawa ba." Chinedum kuwa maimakon ya bar zancen ya wuce, sai ya ƙara masa yaji. "Kai ba ka sani ba, Musbahu. Matan nan bai iya miya ba. Sai na tsaya a kai." A yi ta dariya, ita tana tsugune a bayan mota idonta na ruwa, ba damar ta ce uffan.

Kwana kaɗan ɗin ya zama wata, wata ya zama shekara. Hancinsa bai dawo ba, ya ma daina maganar dawowarsa. Da farko abin da sauƙi, mota ɗaya ko biyu a yini, ta kuskure baki ta wanke fuska ta koma kan tukunya. Sai ga shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabo. Duk mai mota a kudancin Kaduna ya tuna da Oga Hanci. Daga Zonkwa ake zuwa, daga Kwoi ake zuwa, kowa na so a rage wa motarsa murya har ta koma raɗa. Layi ya kai bakin titi. Kuma yanzu aikin ya fi da wuya, don kowa so yake a kai shi bakin gaɓa, inda mota za ta sha mai kaɗan amma ba ta ƙone ba, wurin da sai an shaƙa an sake shaƙa kafin a same shi. Tun safe Dorathy ke tsugunawa, sai rana ta yi sanyi take miƙewa.

Ciwon kai ya fara, irin wanda ke riƙe goshi kamar an ɗaura ɗankwali da ƙarfi. Sai mura da ba ta warkewa. Sai haɓo. In ta fyace, baƙi ne ke fita. Duk wannan ta jure, mace ce da ta saba da hayaƙin icce tun tana goye a baya. Abin da ya tsorata ta shi ne ranar da ta murza ganyen uziza, mai ƙamshin nan da take sa wa farfesu, a tafin hannu ta kai hanci, ta ji ƙamshinsa can nesa, kamar daga gidan maƙwabta yake zuwa. Ta sake murzawa har ganyen ya zama ruwa.

Ta je wurin wata nas da suke coci ɗaya. Matar ta haska hancin, ta ja baya ta ce cikinsa duk ya kumbura ya yi ja, ta tambaye ta ko a gidan mai take kwana. Ta ba ta magani, ta ce ba maganin da zai yi aiki in ba ta rabu da abin da take shaƙa ba, kuma in ta yi wasa jin ƙamshin zai tafi ba dawowa.

Da yamma bayan an watse ta sami Chinedum yana wanke hannu. Ta durƙusa, abin da ba ta saba ba.

"Baban Emeka, hanci na yana mutuwa. Da shi nake dafa abinci. Shi kaɗai Mama ta bar mini. Don Allah ka nemi wata hanya."

Bai ko juyo ba. "Mura ne. Ki sha citta da lemu."

"Nas ta ce..."

"Nas ne ya ba ki wurin rumfa?" Sai a lokacin ya dube ta. "Wa ya kawo miki direbobi? Kina tsammani miyan ki ne? Mota suke kawowa, suna jira, yunwa ya kama su. In gareji ya rufe, ki ɗauki tukunya ki koma tashan jirgi ki sayar wa ƙadangaru."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi, don rabin masu zuwa garejin miyarta ce ta fara nuna musu hanya. Amma ƙasar da rumfar ke kai tasa ce, wannan kam gaskiya ne. Ta kai kuka wurin shugabar zumuntar mata ta coci, aka zaunar da ita aka tuna mata cewa mace mataimakiya aka halicce ta, aka yi mata addu'a, aka ce ta yi haƙuri Ubangiji yana gani. Ba ta iya faɗin ainihin abin da ke faruwa ba, don faɗin zai tona asirin mijinta, ita kuma har a lokacin tana ganin rufa masa asiri aikinta ne. Wannan wauta ce, amma wautar da aka raine ta a ciki.

Ta gwada ɗaura tsumma a hanci tana ɗagawa kaɗan in za ta shaƙa. Chinedum ya fizge shi ya jefa a kwata, ya ce so take mutane su fara tambaya. Ta gwada tsugunawa nesa-nesa, sai amsarta ta fara jinkiri. Wata rana da azahar, masu wata mota sun bar ta sun tafi masallaci, ya yi ta murɗa rediyo yana jiran ta yi magana, ita kuma tana ta shaƙa ba ta tabbatar ba. Ya zagayo a fusace, ya kama ƙeyarta ya danna fuskarta dab da bakin salansa, har zafin ƙarfen ya lashi kumatunta.

"Yanzu fa? Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Da sauran gishiri," ta ce tana tari.

Ya sake ta ya koma gaba. Da masu motar suka dawo suka tarar da shi tsugune ido a lumshe, suna ta cewa kai, Oga Hanci sai Allah. Ɗaya daga cikinsu ya ga tabon da ke kumatunta ya yi mata sannu, ya ce a riƙa kula da murfin tukunya.

Wadda ta fara ganewa a waje ita ce Zamzam, mai sayar da kayan miya a kasuwa, wadda tun uwayensu ake ciniki tsakaninsu. Dorathy ta zo sayen daddawa, ta ɗauki wani ƙulli daga gefen faranti ta kai hanci kamar yadda ta saba, ta gyaɗa kai ta ce a ba ta wannan. Zamzam ta tsaya tana kallonta.

"Maman Emeka, wannan fa na zubarwa ne. Ruwa ya taɓa shi, ware shi na yi. Tun daga can ƙudaje ke bin sa."

Dorathy ta yi 'yar dariyar yaƙe ta ce gwada ta take yi. Zamzam ba ta yi dariya ba. Ta karɓe ƙullin, ta zaɓo mata mai kyau da hannunta, ta ƙulla a leda, ta ce a hankali, "Ke da ke koya mana sayen kaya. Ko mene ne ke cin ki, ki rabu da shi tun da sauran dama."

Dama kuwa ta riga ta wuce. Ba da daɗewa ba, wata safiya ta zuba manja a tukunya, ya yi zafi, ta watsa albasa. Ta ga tana soyuwa, ta ji ƙarar cuwai, ta ga tururi na tashi yana bugun fuskarta. Babu komai a cikinsa. Ta sunkuya har gashin girarta ya kusa babbakewa. Ta buɗe robar kanumfari ta cusa hanci. Ta ɗebo daddawa, ta ɗebo tafarnuwa, har kananzir ta shinshina. Duniya ta zama kamar an wanke ta da ruwa an shanya. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka binne uwarta, albasa ta ƙone ƙurmus a gabanta ba ta sani ba sai da hayaƙi ya shiga idonta.

Wanda bai rasa hanci ba bai san harshe bawansa ba ne. In ta ɗanɗana miya yanzu, gishiri take ji da zafin barkono, shi ke nan. Ta koma auna yaji da cokali, tana ƙoƙarin tuna yadda hannunta ke yi a da, amma citta ba kullum ƙarfinta ɗaya ba, akuya ma wata ta fi wata ƙarni. Yau miya ta yi salam, gobe ta yi ɗaci. Kwanon direbobi ya fara dawowa da saura. Ranar da ta fi muni, aka ɗauke wutar lantarki, naman da ta ajiye a firji ya juya, ta dafa shi da zuciya ɗaya ta zuba wa mutane. Musbahu ya kai loma ɗaya, ya tashi ya zaga bayan rumfa ya tofar. Ya dawo ya rage murya.

"Madam, kar ki zuba wa kowa wannan. Naman ya tashi."

Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido. Ta kwashe tukunyar ta juye wa karnuka. Amma wasu sun riga sun ci, kuma labari a tasha ba ya kwana. Wata mata ta kafa rumfa a tsallaken titi, benci ya fara cika a can. Masu raha suka ce ashe Oga gaskiya yake faɗa tun da can, Madam ba ta iya miya ba.

Ba ta gaya wa Chinedum ba. Tsoro take ji, kuma can ƙasan ranta tana fata in ta samu hutu ko na mako ne abin zai dawo, sai dai ba ta san ta inda za ta nemi hutun ba. Ta ci gaba da fitowa da robarta tana tsugunawa. Tana duba launin hayaƙi, tana lura da yadda yake sa idonta ruwa, ta yi canki ta faɗi abin da ya zo bakinta. Wasu ta dace. Cikin waɗanda ba ta dace ba har da bas ɗin Musbahu, wadda ta ce wa miya ta yi alhali da sauran gishiri da yawa. A tudun Kagoro injin ya buga, da lodin citta har saman rufi. Janyo motar aka yi da igiya, Musbahu na zaune a gaba ya yi tagumi.

Chinedum ya buɗe injin ya ga fistan ya huje. Ya lallashi Musbahu da cewa jabun mai aka sayar masa. Da mutane suka ragu ya shigo rumfa riƙe da tsummoki biyu, ya ce ta rufe ido. Ya kai ɗaya hancinta.

"Wannan mene ne?"

"Fetur."

Ya kai ɗayan. Ta shaƙa, ta ce, "Wannan ruwa ne."

"Buɗe ido."

Duka biyun busassu ne, ko ɗigo babu a jikinsu. Ta tsaya tana jiran abin da zai biyo baya. Wani ɓangare na zuciyarta, don wauta, yana jiran ya tuna cewa shi ma ya san wannan duhun, ya san yadda abinci ke zama kamar toka a baki, ko sannu ya ce mata.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ya kwana biyu."

"Kina sani kina bari ina kashe motan mutane? Kin so ki ɓata mini suna, ko?" Ya jefar da tsummokin a cikin tukunyar miyarta. "Hanci ma ba ki iya riƙewa ba."

Washegari da sassafe ya hau motar Kaduna bai ce mata komai ba. Ya dawo da wani ɗan kwali a hammata. A ciki akwai na'ura mai kamar wayar hannu, da doguwar waya, da wani ƙarfe kamar yatsa a ƙarshenta. Ana cusa ƙarfen a bakin salansa, lamba ta fito a gilashi, in mai ya yi yawa lambar ta sauka, in ya yi kaɗan ta hau. Direbobi suka taru suna leƙe. Chinedum ya ce zamani ya canza, dole mai sana'a ya bi zamani, amma fa shi na'urar tabbatarwa kawai take yi, hancinsa ya riga ya gaya masa. Aka ce haka ne, Oga.

Dorathy na daga rumfa tana kallo, bencinta babu kowa. Da ya shigo shan ruwa ta tambaye shi, "Wannan abin, sabon fitowa ne?"

"Wane sabo? Tun kafin korona nake ganin shi a kasuwan Panteka."

"Yana da tsada ne?"

"Ko kuɗin taya bai kai ba." Ya kurɓi ruwa ya goge baki da bayan hannu. "Me?"

"Ka san da shi. Lokacin da na durƙusa maka, ka san da shi."

Ya dube ta da mamaki na gaske, kamar ta yi tambayar yara. "To me zan saya a lokacin? Abin da kana da shi a gida kyauta, za ka je Kaduna ka saya?"

Ya ajiye kofi ya fita. Ta bi bayansa da kallo. Ba ƙiyayya ce ta sa ya yi mata abin da ya yi ba, da ƙiyayya ce ma da ta san da abin da take faɗa. Ya duba ne kawai ya ga ita ta fi araha.

A waje wata tsohuwar bas ta ja ta tsaya, irin wadda mai walda ya yi wa salansa da guntun bututun ruwa. Chinedum ya cusa ƙarfen na'urar, aka tayar da inji, girgiza ta tofo shi ƙasa. Ya sake cusawa, ya sake faɗowa, maƙalin bai kama bakin bututun ba. Ya ce wa direban ya riƙe masa. Mutumin ya tsuguna, hayaƙi ya buge shi, ya miƙe yana tari yana kaɗa hannu, ya ce shi kam ba zai iya ba, wannan ai kisa ne. Sauran ma kowa ya ja da baya yana toshe hanci.

Chinedum ya waiwaya ya dubi rumfa.

"Maman Emeka! Ba ki da kostoma, zo ki riƙe mini wannan." Ya juya ga direbobin yana murmushi. "Ku bar shi, Madam zai yi. Ita hayaƙi ba ya damun ta."

Ta fito. Wannan karon ba roba, ba kwanon ɗauraya, ba abin da za a ɓoye. Ta tattare zani ta tsuguna, ta kama ƙarfen da hannu biyu ta riƙe a bakin bututun. Aka taka totur, baƙin hayaƙi ya turnuƙe fuskarta, direbobi suka ƙara ja baya suna yaba juriyarta. Ita kuwa ta rufe baki ta ja numfashi ta hanci har ƙirjinta ya cika, ko Allah zai sa ta ji ko da warin ne. Ba ta ji komai ba.

"Riƙe da kyau mana," Chinedum ya ce daga gaba, idonsa a kan gilashi. "Hannun ki yana rawa, lamba yana tsalle."